Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Waiwaye Kan Jarin Ƙananan Malaman Likitanci

A watan Agustan 2011, mujallar Science ta buga wani rahoto da ya hana manyan masana kimiyya na Amurka sakat. Wata masaniyar tattalin arziki ta Jami'ar Kansas mai suna Donna Ginther, ita da abokan aikinta, suka tace takardun neman kuɗin bincike sama da 80,000 waɗanda aka aika wa hukumar NIH daga 2000 zuwa 2006. NIH ita ce babbar taskar da gwamnatin Amurka ke raba kuɗin binciken lafiya daga cikinta, kuma a 'yan shekarun nan kasafinta ya haura dala biliyan 45 a shekara. Sakamakon bai yi daɗin ji ba. Cikin kowace takarda 100 ta fararen fata, wajen 29 ke samun kuɗi. Cikin 100 ta baƙaƙen fata kuwa, 16 kacal. Aka ce to, wataƙila makarantun da suka yi ne suka bambanta, ko yawan maƙalun da suka wallafa, ko girman jami'o'in da suke aiki. Aka daidaita duk waɗannan a lissafi, aka kwatanta tsara da tsara, amma sai da ratar maki 10 ta yi saura, an rasa abin da za a jingina ta da shi. Hukumar ce da kanta ta ɗauki nauyin binciken, kuma shugabanta na lokacin, Francis Collins, bai tsaya kare kai ba. Ya amsa a fili cewa akwai gyara.

Waiwaye adon tafiya. Labarin na Amurka ne, amma ya cancanci mu bi shi a tsanake, domin wani reshensa ya ratso har asibitocin Kano da Kaduna, kuma darasin da ke cikinsa ya shafi duk inda ake koyar da likitoci.

Sai mutum ya san yadda malamin likitanci ke rayuwa a can kafin ya gane nauyin wannan rata. Likitan da jami'a ta ɗauka koyarwa, kaya uku ke kansa: duba marasa lafiya, koyar da ɗalibai, da bincike. Na farkon shi ke kawo wa asibiti kuɗi nan take. Na ukun shi ake dubawa ranar ƙarin girma, amma jami'a ba ta cika biyansa daga aljihunta ba. Malamin ne zai fita ya nemo kuɗin da za a biya ma'aikatan ɗakin gwajinsa, a sayi sinadarai da na'urori, har ma a biya wani kaso na albashinsa. Babban tallafin NIH da kowa ke hanƙoron samu shi ne wanda ake kira R01, wanda kan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar, da dala dubu ɗaruruwa a kowace shekara. Wanda ya same shi ya tsaya da ƙafafunsa. Wanda ya yi shekaru yana nema bai samu ba, galibi sai ya tattara ya koma ɗakin duba marasa lafiya ɗungurungum, bincike kuma a yi sallama da shi.

Neman ma ba wasa ba ne. Matashin malami zai shafe watanni yana gyara shafi 12 na bayanin abin da yake son ganowa da yadda zai gano shi. Takardar za ta je gaban kwamitin masana. Uku daga cikinsu ne za su karanta ta ciki da bai, su ba ta maki daga 1 zuwa 9, inda 1 shi ne mafi kyau. Kusan rabin takardun ba a ko buɗe baki a kansu ranar zama, tun kafin a taru an ture su gefe. Masu karatun kuwa tambayoyinsu sanannu ne. Me ka riga ka gano a gwajin share fage? Maƙala nawa ka wallafa, kuma a ina? A hannun wa ka tashi? Wane irin kayan aiki ke jami'arka? Babu wadda ba ta da ma'ana a cikinsu, sai dai kowace amsarta tana nuna kuɗin da wani ya riga ya kashe a kan mai neman. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya fito daga babban ɗakin gwaji, yana da ubangidan da ya san kowa, ya zo da ruwan cikinsa. Wanda bai da kowa kuwa, da ƙishirwa ya iso bakin rijiyar.

Ga kuma bashi. Likita a Amurka kan gama karatu da bashin da ya kai wajen dala 200,000 a wuyansa, yana kallon abokan karatunsa da suka shiga aikin kuɗi suna ɗaukar abin da ya fi nasa nesa ba kusa ba. Tun a 1979 wani babban likita, James Wyngaarden, wanda daga baya ya shugabanci NIH, ya yi gargaɗi a rubuce cewa irin likitan da ke haɗa duba marasa lafiya da bincike na neman ƙarewa. A 1980, likita kan samu R01 ɗinsa na farko yana da shekara 38 ko kusa da haka. Bayan shekara talatin, sai ya doshi 45. Ma'ana, shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi kaifi, mutum na cinye su a layin jira. Don rage wannan ne hukumar ta faɗaɗa tallafin reno da ake kira K, wanda sharaɗinsa shi ne jami'a ta sakar wa matashi aƙalla kashi 75 cikin ɗari na lokacinsa ya yi bincike a ƙarƙashin wani gogagge. Ta kuma fito da tsarin biya wa masu bincike wani ɓangare na bashin karatu, sannan ta ware matsayi na musamman ga sababbin shiga waɗanda ba su wuce shekara goma da gama horo ba, don kada a riƙa auna su da ma'aunin farfesoshi.

Wannan matsi kowane matashi yana shan sa. Amma ga baƙar fata akwai wani tsohon miki da ya riga shi zuwa. A 1910 wani masanin ilimi, Abraham Flexner, ya zagaya kwalejojin likitanci na Amurka da Kanada da kuɗin Gidauniyar Carnegie, ya rubuta rahoton da ya sauya karatun likita a ƙasar. Ya yi gyara mai yawa, domin da dama cikin makarantun lokacin shagunan sayar da shaida ne kawai. Amma cikin kwalejojin baƙaƙen fata bakwai da ake da su, biyu rak ya ce a bari, Howard a birnin Washington da Meharry a Nashville. Sauran biyar ɗin suka mutu, a zamanin da yawancin makarantun fararen fata ba sa ɗaukar baƙi. Shekaru sama da hamsin, mafi yawan baƙaƙen fatar da suka zama likitoci ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu suka bi. Har yau tabon bai goge ba. Baƙaƙen fata sun kai kashi 13 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, amma ba su kai kashi 6 na likitoci ba, a cikin malaman kwalejojin likitanci kuma wajen kashi 4 ne. Ƙungiyar kwalejojin likitanci ta ƙasar ta taɓa fitar da alƙaluma masu ban takaici: maza baƙaƙe 542 ne suka shiga karatun likita a 1978, a 2014 kuma 515.

Ƙarancin kansa wani nauyi ne. Idan sashe guda yana da malama baƙar fata ɗaya tilo, ita za a sa a kowane kwamitin da ake son a ga an wakilci kowa, wurinta kowane ɗalibi baƙar fata zai kai kukansa, ita za a tura unguwannin talakawa wayar da kai. Duk aikin alheri ne, amma ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna, maƙalu da tallafi zai ƙirga.

A cikin wannan yanayi ne Gidauniyar Robert Wood Johnson, wadda ta samo dukiyarta daga iyalin da suka kafa kamfanin Johnson & Johnson, ta buɗe wani shiri a 1983 don renon malaman likitanci daga al'ummomin da aka bari a baya. Shirin ba shi da girma. 'Yan ƙalilan ake zaɓa a shekara, a ba kowa tallafin shekara huɗu, wanda a shekarun baya-bayan nan ya kai dala 75,000 na albashi da 30,000 na bincike a kowace shekara, bisa sharaɗin jami'arsa ta bar masa kashi 70 cikin ɗari na lokacinsa. Kowane zaɓaɓɓe yana da malamin da ke renonsa a jami'arsa, sannan a haɗa shi da wani babba daga kwamitin shirin na ƙasa, wanda ke bin sawunsa, ya karanta takardunsa, ya yi masa magana a inda muryarsa ba ta kaiwa. Duk shekara kuma a taru, tsofaffi da sababbi, kowa ya baje aikinsa a tsefe shi.

Duk wanda ya san yadda attajiri ke sallamar yaron shagonsa a Kantin Kwari zai gane hikimar. Ba ya cewa yaro ya kawo shaidar ribar da ya taɓa ci kafin ya ba shi jari. Amana da basira yake dubawa, ya ba shi kaya, ya gabatar da shi ga masu kawo haja, ya riƙa leƙa shi har ya kama ƙasa.

A 2004 aka sauya wa shirin suna zuwa na Harold Amos, wanda ya rasu shekara guda kafin nan. Amos ɗan ma'aikacin gidan waya ne, an haife shi a 1918 a jihar New Jersey. Ya yi aikin soja a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya yi digirin digirgir a Harvard a 1952, ya kuma yi zaman bincike a Cibiyar Pasteur da ke Faris. Masanin ƙwayoyin cuta ne, bai taɓa zama likitan asibiti ba. A 1968 ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci wani sashe a kwalejin likitanci ta Harvard. An san shi da buɗaɗɗiyar ƙofa ga ɗalibai, kuma da ya yi ritaya sai ya ba da ƙarfinsa ga wannan shiri, har ya jagorance shi na wasu shekaru.

Me jarin ya haifar? Cikin waɗanda suka ci gajiyarsa akwai Gary Gibbons, wanda a 2012 ya zama shugaban cibiyar NIH mai kula da cututtukan zuciya da huhu da jini. Akwai Griffin Rodgers, wanda a 2007 ya zama shugaban cibiyar da ke kula da ciwon sukari da na ƙoda. Rodgers ɗan birnin New Orleans ne, kuma ya sha ba da labarin abokansa uku na sakandare da sikila ta kashe. Wannan ya sa ya kama binciken cutar gadan-gadan, a lokacin da ba ta cikin abin da masu neman suna ke rububi.

Sakacin da aka yi wa sikila a Amurka ba ɓoyayye ba ne. Mutum wajen 100,000 ke fama da ita a ƙasar, mafi yawansu baƙaƙen fata. Akwai wata cutar gado mai cika huhu da majina mai kauri, sistik faibrosis, wadda ta fi kama fararen fata, masu ita kuma wajen 30,000 ne. Wani nazari da aka buga a 2020 ya nuna cewa daga 2008 zuwa 2018, abin da gwamnatin tarayya ta kashe a binciken sistik faibrosis ya kai kimanin dala 2,800 a kan kowane mai cutar a shekara, na sikila kuwa dala 800 da 'yan kai. Babu mai cewa a rage wa waɗancan. Tambayar ita ce me ya sa aka bar waɗannan.

Rodgers na cikin waɗanda suka nuna, a wata maƙala ta 1990, cewa wani tsohon maganin daji mai suna haidroksiyuriya na sa jikin mai sikila ya ƙara ƙera irin sinadarin jan jinin da jariri ke da shi tun yana ciki, wanda ke hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa. Babban gwajin da ya biyo baya ya nuna a 1995 cewa maganin na rage tashin ciwon da kusan rabi, a 1998 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Shi ne magani na farko da aka taɓa amincewa da shi domin sikila.

Daga nan zaren ya iso gida. Wani wanda shirin Amos ya rena shi ne Michael DeBaun, likitan jinin yara, wanda ya yi digirinsa na farko a Howard, yanzu kuma yake Jami'ar Vanderbilt. Ya sadaukar da rayuwar aikinsa ga shanyewar ɓarin jiki da ke kama yara masu sikila. Idan ba a ɗauki mataki ba, wajen yaro ɗaya cikin goma masu cutar kan gamu da wannan kafin ya kai shekara ashirin. Akwai hanyar gane wanda ke cikin haɗari tun kafin abin ya auku. A kwantar da yaro, a shafa masa ɗan ruwan mai a gefen goshi, sama da kunne kaɗan, a ɗora kan wata ƙaramar na'ura mai aiki da sauti, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba ciwo. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, to jijiyar ta matse, kuma yaron na bakin haɗari. A Amurka tun 1998 aka tabbatar cewa ƙarin jini duk wata na rage haɗarin da wajen kashi 90 cikin ɗari. To amma wace uwa ce a Kurna ko Rigasa za ta iya nemo jakar jini mai tsabta kowane wata, shekara da shekaru? Ga Najeriya kuma ita ce kan gaba a duniya, inda ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da cutar a kowace shekara.

DeBaun ya haɗa hannu da likitocin gida, irin su Shehu Umar Abdullahi da Najibah Galadanci na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Muktar Aliyu na Vanderbilt, suka yi tambayar da ta dace da halin da muke ciki: shin ƙwayar haidroksiyuriya da yaro zai haɗiya a gida za ta iya tsayawa a madadin ƙarin jini? Aka fara da ƙaramin gwaji, sannan aka yi babba da yara 220 a Asibitin Malam, da Asibitin Murtala, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna. Rabi aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi 20. Sakamakon da mujallar Lancet Haematology ta buga a 2022 ya nuna cewa a duka ɓangarorin biyu shanyewar jiki ta yi ƙasa sosai da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba, kuma ƙaramin awon ma ya wadatar wajen kariya. A kan hanya aka horar da ma'aikatan gida sarrafa na'urar, aka auna dubban yara, ƙananan likitocinmu kuma suka koyi yadda ake gudanar da gwaji na ƙa'ida, suka zama su ne kan gaba a jerin marubutan maƙalun. Wanda aka rena ya rena wasu.

Babu wanda ya zauna a kwamitin gidauniyar can da tunanin yaran Kano a ransa. Matashi suka gani mai tambayar da ta dame shi, suka saya masa shekara huɗu. Wannan shi ne babban abin da na ɗauka daga labarin: wanda aka ba jarin farko shi ke zaɓar tambayar da za a bincika, tambayar da ba a yi ba kuwa ba ta da amsa har abada.

Hukumar NIH ma ta zo ta tabbatar da haka da alƙalumanta. A 2014 ta naɗa Hannah Valantine, likitar zuciya haifaffiyar Gambiya wadda ta yi karatu a Landan, ta kula da batun wakilcin al'ummomin da aka bari a baya cikin masu bincike. A 2019 wani nazari da masanan hukumar suka yi ya gano cewa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ratar da ke tsakanin baƙi da farare ya samo asali ne daga irin batun da aka zaɓa. Baƙaƙen masu bincike sun fi karkata ga abin da ya shafi al'umma kai tsaye: me ya sa hawan jini ya fi kisa a wasu unguwanni, me ya sa mata baƙaƙe suka fi mutuwa wajen haihuwa, yaya za a kai rigakafi ga wanda ba ya zuwa asibiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai irin waɗannan batutuwa kan faɗa hannun cibiyoyin da kasonsu ya fi ƙanƙanta, don haka mai yin su ya fi shan ƙi. Wato ko babu mai mugun nufi ko ɗaya a kwamiti, yadda aka raba kuɗin tun daga sama ya isa ya danne wasu tambayoyi.

Mata ma suna da nasu kason. Wani nazari na 2015 a kan ƙananan malamai a arewa maso gabashin Amurka ya nuna cewa matsakaicin kuɗin fara aiki da jami'a ke ba namiji ya kai dala 889,000, na mace kuwa 350,000. Sannan shekarun da ake son malama ta fi kowa gudu su ne shekarun goyo. Wani babban asibiti a Boston, Massachusetts General, ya lura da haka tun 1997, ya ƙirƙiro tallafin Claflin na shekara biyu ga malamai mata masu reno. Kuɗin ba su da yawa, amma sun isa a ɗauki mataimaki da zai riƙe gwaji ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Mafi yawan waɗanda suka samu sun ci gaba da zama a fagen bincike.

Kada a ɗauka labarin nasara ne zalla. Wani nazari na 2018 ya kwatanta waɗanda shirin Amos ya ɗauka da waɗanda suka kai matakin ƙarshe amma ba a ɗauke su ba. A yawan maƙalu da tallafi babu wani babban bambanci. Inda suka yi fice shi ne hawa kujerun shugabanci. Wannan ya nuna cewa masu cancanta sun fi guraben yawa, kuma ƙaramin shiri ɗaya ba ya gyara ɓarnar shekara ɗari. Akwai kuma masu adawa da tushen abin, waɗanda ke cewa kuɗin jama'a bai kamata ya dubi launin fata ba, cancanta kawai. Maganarsu na da masu saurare, kuma ta yi rinjaye a kotu. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A 2025 gwamnatin Donald Trump ta ba da umarnin rufe shirye-shiryen tallafa wa al'ummomin da aka bari a baya, NIH ta soke ɗaruruwan tallafi, ciki har da shirin FIRST na dala miliyan 241 da aka fara a 2021 don ɗaukar ƙananan malamai rukuni-rukuni, da shirin MOSAIC mai taimaka wa matasa tsallakawa daga horo zuwa kujerar malami. Wani alƙalin tarayya a Boston, William Young, ya ce sokewar ta saɓa doka, amma a watan Agusta Kotun Ƙoli ta bar gwamnati ta ci gaba da riƙe kuɗin yayin da shari'a ke tafiya. Matasan da ke tsakiyar gwaji suka wayi gari ba su da abin biyan ma'aikatansu.

Ni a ganina, mai cewa cancanta kawai ya faɗi rabin gaskiya. Babu mai son a ba rago kuɗin bincike, domin rayuka ake magana. Amma ma'aunin da ake auna cancantar da shi, wato maƙalu da sakamakon share fage da sunan ubangida, dukiya ce da ake gada. In har shi kaɗai za a riƙa dubawa, kuɗi za su ci gaba da komawa inda suka saba zuwa, a kuma kira abin adalci. Ana iya sauya sharaɗin shiga, a dubi talauci ko yankin da mutum ya fito ko rashin gata, kamar yadda shirin Amos kansa ya faɗaɗa nasa daga baya. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a yi kamar kowa daga layi ɗaya ya taso.

Mu a nan matsalarmu ba ta launin fata ba ce, amma ƙirar matsalar ɗaya ce. Likitan da ke neman ƙwarewa a asibitocin koyarwa na Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri dole ya yi bincike ya rubuta kundi kafin ya zama ƙwararre, kuma sau da yawa daga albashinsa zai sayi sinadaran gwajin. In ya gama aka ɗauke shi malami, sai layin marasa lafiya da kwanan asibiti da aji su cinye shi. Asusun TETFund na da kason bincike na ƙasa, amma babban tallafi irin wannan a bisa al'ada gogaggu ke jan ragamarsa, ƙarami sai dai ya raɓa. Malama mai goyo, da malamin sabuwar jami'ar jiha da ba shi da wanda zai duba masa takarda, su ne namu waɗanda aka bari a baya. Da yawansu kuma, in suka gaji, Saudiyya ko Ingila suke nufa.

Abin da tarihin nan ya koyar ba shi da tsada kamar yadda ake zato. A ware wani kaso na kuɗin bincike wanda sababbin shiga kaɗai za su yi takara a kansa. A rubuta a takardar tallafin cewa shugaban sashe zai sakar wa wanda ya samu kwanaki sanannu a mako, domin kuɗi ba tare da lokaci ba ba sa haifar da komai. A haɗa kowa da gogaggen da zai amsa sunansa, ko da daga wata jami'ar ne. A ba da na shekara uku ko huɗu, kada a yi na wata shida a zo ana neman rahoto. A riƙa ƙirga waɗanda suka nema da waɗanda suka samu, maza da mata, jami'a da jami'a, a buga kowa ya gani, domin da Amurkawa ba su ƙirga ba da har yau musu ake yi. Kada kuma a rataya komai a wuyan gwamnati ɗaya ko mai bayarwa ɗaya na waje, tunda mun ga yadda sa hannu guda ke rushe ginin shekaru. Attajiranmu sun iya gina ɗakin kwanciya a asibiti a liƙa sunansu a bango, Allah Ya saka musu. Waƙafin da zai riƙe ƙananan likitoci biyar suna bincike a kan sikila ko ciwon ƙoda ko yoyon fitsari bai kai kuɗin ginin ba, kuma shi ma sadaka ce mai gudana.

Sai dai mai yin wannan ya shirya haƙuri. Daga buɗe shirin a 1983 zuwa fitowar sakamakon gwajin Kano shekara 39 ne, kuma gwamna ko shugaban jami'ar da ya ware irin wannan kuɗi ba zai ga amfaninsa a wa'adinsa ba. Duk da haka lissafin a fili yake: jami'ar da ke son ta samu farfesoshin da za su amsa tambayoyin mutanenta nan da shekara ashirin, a kasafin bana za ta nemo su, tun suna ƙananan malaman da babu wanda ya san sunansu.